Fuskar da Ban Taɓa Kallo Ba

Talata, 8 ga Afrilu, 1980, bayan La'asar

Yau ma Barau ya yi mini wankin babban bargo. Mu uku ne kamar kullum a bayan rumfarsa ta bakin tashar Mafara: shi Barau mai fentin motoci, wanda zakunansa ke bayan rabin motocin da ke bin hanyar Gusau, Nasidi mai zanen taswira a ofishin aikin dam, sai ni Labaran, malamin aji huɗu, da sai da gemu ya fito mini sannan na gane ina son fensir. Dokarmu ɗaya ce. Ka ajiye zanenka a tabarma, ka kama bakinka har sai sauran biyun sun gama fiɗe ka. Wata biyar ke nan muna haka, Talata da Juma'a.

Na kawo zanen mai goron tasha, aikin kwana uku. Barau ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa.

"Hannu ya yi, riga ta yi," in ji shi. "Amma Malam, mi bawan Allah ga yay yi maka da kah hana mai idanu? Awa an liƙa wake biyu bisa ƙwarya."

Nasidi ba ya dariya. Ya ɗora fensir ya auna daga haɓa zuwa tsakar ka, ya ce ido a tsakiyar kai yake zama, ni kuwa na kai shi goshi. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ciwo.

Asabar, 12 ga Afrilu, da hantsi, Birnin Tudu

Na zo gida. Fadamarmu tana nan yadda injunan aikin dam suka bar ta bara, an baje ta kamar faifai, ba kunya ba iyaka, ba ka iya cewa nan ne namu nan ne na maƙwabci. Baba yana fita kullum wurin da manoma suka tare hanya da itace. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Na durƙusa na gaishe shi a zaure. Ya amsa yana kallon bango, ni ina kallon ƙasa. Ni ne ɗan fari, haka muke tun da na yi wayo: bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. In yana da magana da ni, Inna yake gaya wa. In ina da magana da shi, Inna nake gaya wa. Inna kuwa ita ma ba ta faɗin sunansa, sai dai "shi".

Ya ɗan yi gyangyaɗi, ƙafafunsa a miƙe kusa da gwiwata. Littafin zane yana cikin aljihuna. Na ɓoye shi a ƙarƙashin riga na zana ƙafafun, don da ya gani da na shiga uku. Shi ne mutumin da ya ƙi tsayawa gaban mai hoto ko sau ɗaya, ya ce ranar Lahira za a ce da mai shi ya busa wa abin rai. Na zana kaushin dugadugi, da farcen babban yatsa da ya rabe biyu, da gurbin ƙaramin yatsan hagu da kalme ya ɗauke tun yana saurayi. Har wayar da ya ɗaure takalmin tayarsa da ita na sa.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan La'asar

Ban yi niyyar nuna musu ba, Barau ne ya fizge littafin.

"Iye! Ga Sarkin Ƙahwa!" Ya yi dariya har da buga cinya. Sai kuma ya kai takardar kusa da ido.

Nasidi ya ce, "Wanga shi ah hi duk abin da kat taɓa yi. Diba inuwa ƙarƙashin diddige. Ba ka goge ko sau ɗaya ba."

"Ka san dalili?" in ji Barau. "Ƙahwa ba ta kallonka. Kai ba zane ab ba ka iya ba, Malam, kallo na ba ka iya ba. Mutum na gabanka, kai kana ƙidayar yatsunai."

Ya jawo kujera ya zauna daf da ni, ya ware jajayen idanunsa, ya ce in zana shi, in na sunkuyar da kai sau ɗaya zai watsa mini kananzir ɗin wanke burushi. Barau ya girme ni da shekara goma. Gumi ya jiƙa mini riga. Na sunkuya sau huɗu, kuma sau huɗu ya cika alkawari.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan sallah

Ido ba baƙi ba ne duka. Akwai ɗan farin ɗigo da ake bari, shi ne ran. Nasidi ya nuna mini yadda ake ciro shi da bakin kilina, abin goge fensir. Na zana ido ashirin da ɗaya a shafi guda, Barau ya yarda da uku.

Talata, 22 ga Afrilu, gab da Magariba

Barau ya ce zanen fuskarsa na yau ya yi kama da shi har ya ji haushi. Daga bakinsa wannan lambar yabo ce. Na yi murna kamar yaro, ba zan ɓoye ba.

Hankalin Nasidi ba ya kan zane duk zaman. Da muka tashi ya raka ni har bakin makaranta, abin da bai saba ba. Ya ce motoci sun shigo jiya, manya, masu rufi, kuma ba kayan aiki suka kawo ba, 'yan sanda ne da bindigogi. Ya ce, "Ka ce ma tsohonka shi zamna gida kwanakin ga. Kak ka ce ni nig gaya maka."

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan La'asar, Birnin Tudu

Na hau keke tun da aka tashi makaranta. Duk hanya ina maimaita maganar a bakina. Na durƙusa. Ina wuni, ina gajiya, yaya zafi, yaya jama'a. Ya amsa duka. Na buɗe baki, sai na ga ƙafafun nan a gabana, kuma na rasa ta inda ɗa ke fara ce wa ubansa kada ka fita. Na sake cewa yaya zafi.

Na gaya wa Inna a madafa. Ta ce za ta nemi lokacin da ya dace.

Asabar, 26 ga Afrilu, da Azahar

An rufe hanya, an ce 'yan sanda sun faɗa wa manoman da suka tare ta. Akwai hayaƙi ta wajen gida.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da safe

Har yanzu a rufe. Na feƙe fensira shida, ban zana komai ba.

Litinin, 28 ga Afrilu, da La'asar, Bakura

Na sami Inna a gidan Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba. Da ƙafa suka zo ta cikin daji, ita da matan unguwa. Takalmi ɗaya ne a ƙafarta. Na tambaye ta ina Baba, ta ce, "Ya hita tun da asuba." Ban tambaye ta ko ta sami lokacin da ya dace ba. Ita ma ba ta dube ni ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Wasu sun ce an kwashi mutane da yawa an tsare. Wasu sun ce akwai na kwance a asibiti da ba su iya faɗin sunansu. Wasu suna faɗin wani abin, ni ba na tsayawa inda ake faɗinsa.

A ƙofar asibiti kowa da ɗan hoto a hannu, na fasfon Makka, na katin aiki, na ranar suna. Ana miƙa wa ma'aikata suna dubawa. Da aka zo kaina, mutumin ya ce, "Ina hoto?" Na ce babu. Ya ce to yaya kamanninsa? Na ce dogo ne, baƙi, yana da gemu. Ya nuna mini layin da hannu. Rabin mutanen da ke tsaye dogaye ne, baƙaƙe, masu gemu.

Zan zana shi. Allah ya yafe mini, shi ma ya yafe mini, zan zana shi.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan Azahar

Na zauna tun safe. Hula ta fito, kafaɗa ta fito, rigar sakinsa ta fito har da facin aljihu. Tsakanin hula da gemu fari fat. Shekara ashirin da tara ina ɗan mutumin nan, ban san tsawon hancinsa ba. Na san tarinsa daga bayan katanga uku. Na san sawunsa a cikin sawu ɗari. Fuskarsa na nema a kaina na rasa, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar Asabar.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan La'asar

Nasidi bai zo ba. Gara da bai zo ba. Da hannunsa aka ja layukan da suka haɗiye fadamarmu, yau ba na iya haɗa ido da shi.

Barau bai yi ba'a ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali. Ya ciro madubin mota daga cikin tarkacensa ya kafa a gabana. Ya ce ɗa ba ya rasa kamar uba, in zana kaina, in ƙara shekaru. Na yi. Tsagen kumatunmu iri ɗaya ne, wannan kam na samu a sauƙaƙe.

Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa ganin Baba sau biyu a kasuwar Talata.

"Wanga ba tsohonka ba na. Kai na, da gemun aro."

Na ce masa ya san halin da nake ciki kuwa? Ya ce ya sani, shi ya sa ba zai yi mini ƙarya ba; in na kai wannan asibiti, ni za a nemo mini.

Asabar, 3 ga Mayu, da Magariba

Na goge har takarda ta huje.

Lahadi, 4 ga Mayu, da hantsi, Bakura

Na kai wa Inna. Ta karɓa, ta duba sama sama kamar mai duba zanen atamfa, ta ce, "Ya yi kyau," ta miƙo mini. Na ce ta gaya mini inda ban yi daidai ba. Ta ce, "Ni ina nis sani? Kallonai nika yi?"

Gwaggo Asabe ta ce goshin ya fi haka faɗi, sai kuka ya ci ƙarfinta. Da ta natsu ta ce in nemi Sallau wanzami, shi ya yi shekara ashirin yana riƙe da kan nan duk Juma'a. An ce ya gudu Maradun wurin 'yarsa.

Talata, 6 ga Mayu, bayan La'asar

Nasidi ya zo. Ya rame. Ya ajiye naɗin farar takarda mai kauri da fensir biyu masu taushi a gabana. Takardar ofis ɗinsu ce, irin wadda ake auna gonakin mutane a kanta. Na so in jefa masa a fuska. Amma tawa ta huje, kuma babu irinta a duk Mafara, sai na ɗauka. Ya ce ya bar aikin tun ranar Litinin. Ban ce masa sannu ba.

Ya ce kada in fara da ido. In fara da ƙashi: faɗin goshi, inda kunne ya zauna, nisan hanci da leɓe. In bar wanzami ya ba ni awo, ni in bi. Ya ce zai raka ni, shi da Barau.

Alhamis, 8 ga Mayu, da La'asar, Maradun

Mun sami Sallau wanzami a gindin bishiyar bedi, zabirarsa a rataye, ba mai aski. Ina wuni Baba, lahiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya muka ji da wannan abu, sai haƙuri, yaya iyali, yaya baƙunta, to madalla, to madalla. Sai da gaisuwa ta ƙare sannan ya gane ni, ya riƙe hannuna bai saki ba.

Na shimfiɗa takarda. Ya rufe ido ya ɗaga hannuwa biyu kamar kan yana tsakaninsu.

"Ƙeya tai tudu nan. Kunnen dama ya ɗan lanƙwashe, hula ta karya shi. Ga wani tabo cikin gira ta hagu, ƙahon bijimi na, nan aska ka tsalle kullum."

Ina ja, Nasidi yana auna, Barau yana cewa rage, ƙara, a'a ba haka ba. Wanzami ya buɗe ido ya ce hancin ya yi tsini, na Baba a kwance yake. Na gyara. Ya ce fatar ido ta hagu tana ɗan sauka. Na gyara. Sau bakwai ina gyara baki yana girgiza kai.

"Ka ɗaure mai baki da yawa. Gehen dama na ɗagawa in za shi dariya."

Na ce ban san Baba yana dariya ba.

Wanzami ya dube ni. "Kai ko! Duk Juma'a sai na dakata da aska don kad in yanke shi. Ya hwara ke nan: malamin Mahwara ya yi kaza, malamin Mahwara ya sayi keke. Har cewa yay yi ka iya zane, ya gani ƙarƙashin riga, yay yi awa shina kwana."

Na ajiye fensir. Barau ya tashi ya ce zai je neman ruwa, ya ja Nasidi suka tafi, alhali ga randa nan kusa da mu.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan La'asar

Na sa idanun yau. Na bar farin ɗigon. Na ajiye a tabarma na kama bakina bisa doka. Nasidi ya ɗora fensir ya auna, ya sake aunawa, ya janye hannu. Barau ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ajiye. Tun da muka fara zama, yau ne kaɗai ba a sami abin faɗi ba, kuma ban ji daɗin komai ba.

Asabar, 10 ga Mayu, da hantsi, Bakura

Inna tana tsince shinkafa na buɗe mata takardar. Ta ɗaga kai. Nan take ta sunkuyar, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta gyara zama. Ba ta ce ya yi kyau ba.

Shi ne. Yanzu ina da abin nunawa.

Litinin, 12 ga Mayu, da Azahar

Asibiti. Sun duba, sun yaba zanen, ba su gan shi ba.

Laraba, 14 ga Mayu, da La'asar, Gusau

Inda ake tsare da mutane. Wani mai gadi ya shiga da takardar, ya daɗe, ya fito ya ce ba kowa mai wannan fuska. Ya tambaye ni ko ina yi wa mutane na biki.

Asabar, 17 ga Mayu, da Magariba

Sakkwato ma haka. An sako mutum huɗu na garinmu, duk sun ce shi ne sak, duk sun ce tun da safiyar ranar ba su ƙara ganinsa ba. Hadari ya haɗu yau bai zubar ba. In ruwa ya sauka ban san wa zai yi shuka ba, ban ma san a ina ba.

Talata, 20 ga Mayu, bayan Azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya.

Na koma asibiti don an ce an kawo wasu daga ƙauye. Babu. Na zauna a bayan ginin, gindin katanga, inda leburori ke shan inuwa. Wani dattijo mai tura baro, an ce da shi Ɗantala, ya ce in nuna masa abin da nake yawo da shi kullum. Na buɗe masa fuskar. Ya duba da kyau, ya ce Allah ya sa a gane, shi bai san shi ba.

Ina mayar da takardar cikin littafi sai littafin ya zame, ya buɗe a ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauko mini. Bai ɗago ba.

"Wagga ƙahwa ta wa?"

Na ce ta mahaifina ce.

Ya sa yatsa a gurbin ƙaramin yatsan, ya bi ta kan farcen da ya rabe, ya tsaya a kan wayar takalmi. Ya waiwaya hagu da dama.

"Ɗana, ranar Lahadi anka kirawo mu, mu shida, anka ce mu loda mota. Gawawwaki na, duk an ruhe su da tampol, ba mu ga huskar kowa ba. Ni ƙahwahu anka ba ni in riƙa." Ya miƙo mini littafin. "Takalmin ya hwaɗi. Ni nim mayar mai da shi."

Na tambaye shi ina aka kai su. Ya nuna gabas da haɓa, ya ce mota dai ta bi can, su ba a tafi da su ba. Ya ce ya yi masa addu'a a zuci, shi da sauran, don bai san sunan kowa ba. Na gaya masa sunan. Ban taɓa faɗinsa da ƙarfi ba sai yau.

Laraba, 21 ga Mayu, da safe

Barau da Nasidi sun raka ni Bakura. Na gaya wa Inna abin da na ji.

Juma'a, 23 ga Mayu, bayan La'asar, Bakura

An yi sallar da ake yi wa wanda babu gawarsa. Inna ta shiga takaba.

Ta aiko Gwaggo ta ce in kawo zanen. Na kai fuskar. Ta ce ba wannan ba, ɗayan. Na yage shafin ƙafafun daga littafi na ba ta. Ta ɗora a cinya ta daɗe tana kallo, ba mayafi, ba sunkuyawa, tana shafa dugadugin da babban yatsa kamar yadda take shafa masa man kaɗe da rani.

"Wagga ita nis sani," in ji ta. "Waccan ka tahi da ita, tana kallona."

Asabar, 24 ga Mayu, da hantsi, Mafara

Ruwa ya sauka jiya. Na kafa fuskar a bangon ɗakina da ƙusa, na jawo kujera daf da ita yadda Barau ya koya mini. Na ce, "Baba, kada ka fita." Maganar ta fito sumul, ko tuntuɓe ban yi ba.

Gefen bakinsa na dama a ɗage. Na dube shi ido cikin ido iyakar ƙarfina. Ni na fara sunkuyawa.